Baƙin Salatif ɗin Verna Dombrowski

A da, kullum da safe Verna Dombrowski takan ɗora kofi, ta shiga garejinta a nan Toledo, ta kunna ƙarfen narka darma. Tun muna da baƙin gashi take wannan aiki. Ita ke haɗa mana ƙananan allunan da muke sokawa a bayan tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda kamfanoninsu suka mutu tuntuni, mu kuwa muka ƙi yar da su. A kan kowane allo akwai ƙwayoyin ajiya, kowacce da 'yar tagar gilashi. In hasken rana ya daɗe yana shiga tagar nan, sai ya goge abin da ke ciki tas. Shi ya sa take rufe kowace taga da baƙin salatif, a karkace, ba kyan gani.

Ke ce mai bin gwanjon kayan mamata, Verna, kina tsamo manhajojin da ba su rage a ko'ina ba. Ke ce kika tayar da kwamfutar marigayi mijin ƙawarmu Lucille, baiwar Allah ta zauna tana kallon wasan kwamfutar da ya rubuta wa 'ya'yansu, tana share hawaye.

Da hannunta ya fara rawa sai ta ajiye aiki, ta kawo wa ƙungiyarmu ta masu son tsofaffin kwamfutoci ƙwayoyinta na asali, waɗanda daga jikinsu take kwafar sauran. Abu ɗaya ta roƙa, a kwafe su kafin a yi komai. Shugabanmu Dwight ya ce ta ɗauka an gama. Mutum ne mai daɗin baki, amma wallahi darma ba ta taɓa ƙona masa yatsa ba. Ya sayo akwatin gilashi, ya girke a bakin tagar zauren taro, ya jera ƙwayoyin a ciki, ya ɓamɓare salatif ɗin kaf don su yi ƙyalli a hoto. Sannan aka kulle zauren, aka tafi hutun watannin zafi.

Bayan hutun, ranar da muka karrama ta, ga kek ga tafi, Verna ta tsaya gaban akwatin.

"Dwight, ɗana, ina salatif ɗina?"

"Haba Verna, ai ya yi muni. Dubi yadda suke walƙiya yanzu."

"Na gani. An kwafa?"

Sai ya hau kallon takalminsa. Muka gwada ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ko harafi babu. Har yanzu in na tuna, zuciyata tafasa take yi. Da sunan girmamawa aka shanya aikin rayuwarta a rana.

Mun gode, Verna, ko da yake godiyarmu ba ta mayar miki da komai ba. Duk mai allon Verna a gida ya kawo shi garejinta ranar Asabar, mu kwafo abin da ya rage, ita tana zaune tana koya mana. Manhajojin da ba ta taɓa sa wa kowa a allo ba kam, sun tafi ke nan. Ta riga ta yayyanka salatif ta jera a gefen tebur. Ta ce wani ya zo ya liƙa, ita hannunta ba ya samun tagar yanzu.