Tabarmar Kalolaine a Titin Sidni

Duk wanda ya taɓa yin sammako a Neiafu, wani gari a tsibiran Tonga, ya san Kalolaine, ko da bai taɓa cin fankenta ba. Ita ce matar nan mai faɗin kafaɗa da ke haye tudun Talau da gudu kafin ta ɗora mai a wuta, dogon siket na dukan ƙwaurinta, mijinta Manase na biye yana haki kamar tsohon injin kwalekwale.

Ba sha'awa ce ta fito da su ba. Likita ne ya ce wa Manase ciwon suga ya kama shi, ko ya motsa jiki ko ya rasa ƙafa. Manase ya ce shi ba zai dinga gudu a titi kamar wanda ya saci alade ba. Kalolaine ta ce to ita za ta yi, ya zauna a gida ya ji abin da gari zai ce. A rana ta uku kunya ta fito da shi.

Matan coci kuwa sun samu abin yi. "Kalo, wa ya biyo ki?"

"Tsufa!" take ce musu ba tare da ta tsaya ba. "Ku ai ya riga ya cafke ku."

Haka suka yi shekara goma sha shida. Sai 'yarsu Lesieli, mai aikin jinya a birnin Sidni can ƙetaren teku, ta sa sunansu su biyu a wani babban tsere, kilomita goma sha huɗu daga tsakiyar birni zuwa bakin teku. Saura wata huɗu Manase ya faɗi a gonar doya, bai tashi ba.

Kalolaine ta sa baƙaƙen kaya, ta ɗaura tabarmar makoki a ƙugu yadda kowace matar mamaci ke yi a Tonga, tsohuwar tabarma mai kauri daga ƙirji har gwiwa, da igiyar ɓawon kwakwa. Da ta ce za ta tafi tseren, Seini, yayar Manase, wadda maganarta ke gaba da ta kowa a dangi, ta aiko a kira ta.

"Ƙanena ko shekara bai yi a ƙasa ba, za ki je ki yi tsalle-tsalle a garin mutane?"

"Gudu zan yi. Nasa da nawa."

Seini ta daɗe tana kallonta. "To ji nan. In kika kwance tabarmar nan a titin can, kada ki dawo ki ɗaura ta a nan."

A Sidni kuma wata rigimar ta tarar. Lesieli ta baje mata kaya a kan gado: wando mai kama jiki, riga marar nauyi, da sabon takalmi fari tas. Da sunanta take kiran uwar, kamar yadda kowane ɗan Tonga ke yi.

"Kalo, don Allah. Mutum dubu nawa ne a wurin nan, ba wanda ya san Seini. Tabarmar nan za ta sha gumi ta yi nauyi, ta goge miki fata."

Kalolaine ta ɗaga wandon da yatsu biyu. "Wannan na jariri ne ko safar hannu?" Ta gwada takalmin, ta taka sau uku, ta cire. "Wanda ya ɗinka wannan bai taɓa ganin ƙafar mutum ba."

Ta zaro nata daga jaka, tsohon takalmin da ta tsaga gefensa da wuƙa don ƙaramin yatsa ya sha iska. Shi ta sa ranar tseren. Lambarta ta tsere ta maƙala a ƙirji, ta Manase kuwa a jikin tabarmar. Lesieli ma ta shiga tseren don ta raka ta.

Da farko abin ya yi daɗi. Sanyin safiya, dogayen gine-gine, mutane na nuna ta suna tafi, a zatonsu kayan wasa ta sa, don akwai wanda ya yi shigar ayaba a gefenta. Ba ta kula su ba. Amma da aka kai rabin hanya sai ga wani tudu mai lanƙwasa da ba ya ƙarewa, kuma abin da Lesieli ta faɗa ya tabbata. Tabarmar ta jiƙe ta yi nauyin buhun rogo, igiyar na cin ƙugunta. Aka yi ta wuce su har titi ya yi fili. Can baya ga bas ɗin da ke kwashe waɗanda suka gaza kafin a buɗe wa motoci hanya, yana tafe a hankali.

"Ba ni ita in riƙe miki," in ji Lesieli. "Daga nan zuwa saman tudu kawai. Wa zai sani?"

"Ni."

Bas ya iso, wata mata mai riƙe da takarda ta leƙo da fara'a ta ce akwai wurin zama. Kalolaine ta ce wa 'yarta, "Gaya mata na gode. Ubanki ma bai taɓa goya ni a tudu ba."

Ta sunkuyar da kai, ta rage taku kamar yadda ta koya wa Manase a Talau, ta ci gaba da hawa tana ƙirga numfashi.

A saman tudun akwai wani ƙaton mutum cikin rigar masu tsaron titi, yana tattara shingaye. Da ya hango tabarmar sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya cire hula. Ya yi mata magana da harshen gida.

"Wa aka rasa?"

"Mijina. Manase, na Neiafu."

Ya dubi lambar da ke jikin tabarmar, ya dubi bas. "Ku wuce, ku biyun. Shingen nan nauyi gare shi, zan daɗe ban ɗauke ba, sai dai bas ya jira."

Daga nan gangara ce, ga teku na ƙyalli a ƙasa. Kalolaine ta ƙara tamke igiyar a kan fatar da ta riga ta saɓule, ta saki ƙafa. Lesieli da sabon takalminta sai da ta yi da gaske ta kamo ta. Ana naɗe tutoci suka tsallake layin ƙarshe, bas na bayansu da tazarar da ba ta fi jifa ba.

Ba ta zauna ba sai da ta sa Lesieli ta kira Neiafu ta waya mai nuna fuska. Seini ta matso da ido, ta ƙare wa tabarmar kallo tun daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan lambar ƙanenta.

"Ƙullin naki ya karkace," ta ce daga ƙarshe.

"Amma bai kwance ba."

Seini ta goge ido da bayan hannu. "In kin dawo ki biyo ta nan. Zan ba ki igiya mai laushi."