Baba Ya Fitar da Kaskon Wuta

Yaya Binta, wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu ya ƙi barin raina. Kin san kunkurun marigayi Baba da na taho da shi Jos. Tun da sanyin nan ya kankama ya daina ci, yau kwana tara ko kai bai fitar ba. Ni kuwa na rantse ba a hannuna zai mutu ba. Har na zuba gawayi a kasko zan kai masa sito in rufe ƙofa, maigidan ya ce hayaƙi zai kashe shi. Na ce ko kaza ya taɓa kiwo? Da fushi na kwanta, wutar ma ban hura ba.

Sai na gan ni cikin siton, amma ya yi faɗi kamar filin ƙwallo, ƙasan duk yashin tsakar gidanmu na Gusau. Kaskon na ci, hayaƙi ya turnuƙe. Sai kawai ga Baba, ya naɗe hannun riga. Bai ko dube ni ba. Ya ɗauki kaskon da hannu, bai ƙone ba, ya kai waje, ya buɗe taga.

Sai kawai ga ƙwan lantarki a tafinsa, yana ci ba waya. Ya rataye shi a kusurwa ɗaya, can sama inda kunkuru ba zai taɓa ba. Ya kifa bayan hannunsa a ƙasa yana jin zafin, ya ƙara ɗaga ƙwan. Ɗaya kusurwar ya bar ta a inuwa, ya ajiye ruwa.

Na ce, "Baba, can ma a sa wani mana." Sai ya nuna mini kunkurun.

Kunkurun ya fito, ya sha ɗumi, ya koma inuwa, ya sake dawowa abinsa. Daɗi ya kama ni har da hawaye. Na ce, "Baba, zai rayu?" Murmushi kawai ya yi.

Kiran assalatu ya tashe ni. Ko takalmi ban sa ba na ruga sito. Yana nan da ransa, har ya leƙo da kai ya bi ni da ido, sai dai bai ci ba tukuna. Na ba maigidan labarin mafarkin, ya fita sayo ƙwan lantarkin, ni dai ban ce masa ya yi gaskiya ba.

Yaya, ke kika fi ni sanin murmushin Baba. Wannan na faɗa ne, ko na bushara?