Sunan da Ya Maƙale Min a Wuya

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba. Masu yawo da zancen wai Maman Fati mai masa ta Titin Bauchi ta zauce, ku matso kusa, yau da bakina za ku ji.

Daga wuya abin ya fara. Wani abu kamar ƙwallon goruba ya tokare min maƙogwaro. In haɗiyi yawu yana nan, in sha koko yana nan. Tuwo ya gagare ni, murya ta dishe. Ni da nake kiran direba daga tsallaken titi ya jiyo ni, sai ga ni ina ciniki da yatsa.

Na rame har zani ya daina zama a ƙuguna.

Asibiti kam na sha shi. Layin kati cikin sanyin Jos, ɗibar jini, hoton wuya, gwajin maƙoƙo, har tiyo mai kyamara aka zura min. Firizata a nan ta tafi. Tsoro kuwa na ji shi, don na gama yanke wa kaina cewa ciwon daji ne.

Likita ya duba takardu ya ce, "Hajiya, maƙogwaronki lafiya lau."

Lafiya lau? Ina ƙarewa a tsaye?

Ya tura ni ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Yayata Ladidi ta ce, "A'uzubillahi, wurin mahaukata? Ruƙiyya za a yi miki." An yi, kuma ban raina addu'a ba. Amma ƙwallon bai motsa ba, don haka na ja mayafina na tafi inda likita ya tura ni.

Likitar da na samu ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Kujera biyu ce kawai a ɗakin. Ta ce, "Ki faɗi duk abin da ya zo bakinki, ko da shirme ne."

Na ce a raina, wato firiza na sayar don in zo hira.

To, hira ai gidana aka zo. Da 'yar dishasshiyar muryata na dinga ba ta labarin direbobi tana dariya. Rannan ta ce, "Na lura da abu ɗaya. Duk sanda muka doso zancen 'ya'yanki, sai ki kawo abin dariya."

Ta ce zuciya takan binne abin da ya fi ƙarfinta har mai ita ya daina ganinsa, amma abin ba ya mutuwa. In an hana shi baki, sai ya nemi hanya ta jiki. Ta ce kowa da irin garkuwarsa, wani faɗa, wani aiki ba hutu. Tawa raha ce.

Na ji haushi. Na daina zuwa. Yunwa ce ta mayar da ni.

Wata rana ta ce, "Kullum sai kin leƙi fuskata kafin ki yi magana. Wa kike tsoron ya tsawata miki a ɗakin nan?"

Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Inna."

Inna mahaifiyata, wadda ta daɗe a kabari. Ashe ɗauko ta nake yi ina zaunar da ita a kujerar likita ban sani ba. Ita ta hore ni a kan alkunya: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Shi ya sa ake ce min Maman Fati, alhali Fati ce ta biyu.

Likita ta ce, "Ina na farkon?"

Na ce, "Wancan yaron ya rasu." Nan take wuyana ya shaƙe kamar an ɗaure da igiya.

Hatsarin babur ya yi, 'yan watanni kafin ciwona, yana saurayi. A zaman makoki ko ɗigon hawaye ban yi ba. Mata suna ta yabo, "Kai, Maman Fati akwai tawakkali." Mama Ngozi mai shago kusa da ni ce kaɗai ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, kai ba ya kuka? Yaro naka ne fa." Har gaba na yi da ita a kan maganar nan.

Likita ba ta matsa min ba. Muka yi ta zama. Sai rannan na tuna shi tsaye a bakin tanda, ya saci masa mai zafi yana hurawa, yana tsokanata: "Umma, wai kin san sunana kuwa?" Ni kuma na ɗaga cokali na kore shi, muna dariya.

Na gaya wa likita. Ta ce, "To, kin sani?"

Na faɗi sunan. Wallahi kukan da na yi, sai da wata nas ta leƙo.

Ba a ranar na warke ba, kada in yi muku ƙarya. A hankali koko ya fara wucewa, sannan tuwo, sannan murya. Har yanzu ina zuwa, kuma a wannan karatu na sanin kai ni 'yar aji ɗaya ce.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan, da Fati da ta riƙe tanda, da Mama Ngozi da ta riga kowa gani.

Shawarata: in jiki ya yi ciwo, a fara da gwaji. In gwaji ya fito tas kuma ciwo yana nan, kada ku ji kunyar zuwa inda za a saurare ku. Ba hauka ba ne. Kuka ma ba rashin imani ba ne.

Yaya Ladidi ta ce in na rubuta wannan na zubar da kunyar gidanmu. Yaya, ki yi haƙuri. Ban zagi Inna ba, abin da aka koya mata ta koya min. Amma kunyar da ta kusa kai ni kabari, na sauke ta.

Sunansa Sulaiman. Ɗana ne, ni na haife shi, kuma ina son sa. Mai yi masa addu'a ya kama sunansa.

Gobe ina bakin tanda. Wanda ya zo sayen masa ya tambayi Maman Sulaiman.