Gwangwanin Tokar Inna

Kafin in sa hannu, abin da ke bayan gidanmu a Barkin Sale bai kai a kira shi lambu ba. Ɗan fili ne tsakanin katanga da makewayi, inda mahaifiyata take watsa iri duk inda hannunta ya kai: yakuwa nan, alayyafo can, tattasai a gindin gwanda. Banufiya ce daga wani ƙauye na bakin kogi a bayan Bida, kuma abu ɗaya ta taho da shi gidan mahaifinmu wanda ba a samunsa a kasuwa, wato irin wata jar kuɓewa, gajera, mai ƙaiƙayi a hannu, mai yauƙin da guda biyar sun ishi tukunya. A hannun uwarta ta karɓe shi. Kowace damina ta shuka, ta bar 'ya'yan ƙarshe su bushe a jikin kara, ta ɓare, ta adana. Inda take adanawa ban taɓa tambaya ba, ci kawai na sani. Wannan irin ne na salwantar mata.

Ni mai gyaran famfo ne, kuma ina da wata cuta: ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Bayan rasuwar mahaifinmu, da gidan ya dawo hannuna, na tsaya wata safiya na dubi wurin na ce, "Inna, wannan ai daji ne."

Ta ce, "Dajin yana ba ka miya ko ba ya ba ka?"

Na ce yana bayarwa, amma zan gyara. Tun daga ranar ta laƙaba mini Injiniya. Dama ba ta kiran sunana, ni ne ɗan farinta, sai ta samu na tsokana.

Da tayoyi na fara. Na roƙo tsofaffi a wajen mai faci na bakin titi, na cika su da ƙasa da kashin kaji, domin ruwan Minna idan ya kece da ƙasar yake tafiya ya bar maka tsakuwa. Shekara ta zagayo na jera buhunan shinkafa na dasa tumatir a ciki. Tsohon gidan sauro ya zama rumfar renon dashe. Da rani na huda gororin roba da allura, na kifa su a gindin kowace shuka suna ɗiga a hankali. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa, "Kai, wannan aiki sai ku!" Kaina kuwa sai ƙara girma yake.

Abin da ban lura ba shi ne, duk gyaran da na yi sai ya rage wa Inna wani abu. Al'adarta ce ta ɗauki buta ta yi alwala a gindin shuka, asuba a wannan, azahar a waccan, don kada ruwan ya tafi a banza. Na ce ana jiƙa mini hanya. Na yi mata wurin alwala na siminti a ƙofar ɗakinta, na ja bututu ya kai ruwan lambu. Ta duba ta ce, "Sannu, Injiniya. Ka hutar da ni." Ni sakarai na ɗauka godiya ce.

Kuɓewarta ma sai da muka yi ta ja a kanta. Tana zubar da 'ya'ya ta tsiro da kanta a ko'ina, ni kuwa duk wadda ta fito ba a layi ba sai in tumɓuke. Inna ta ce, "Kuɓewa ta san layi ne?" Na ce za ta koya. A ƙarshe na yanka mata wuri a jikin katanga, taku uku, na ce nan ne nata.

A ranin shekara ta huɗu ƙwari suka sauka a kan tumatirina, ganye ya fara nannaɗewa. Wani abokin aikina ya ce in barbaɗa toka. To ina toka? Mun koma girki da gas, murhun ma na rushe shi na kafa tayoyi a wurin. Inna tana Paiko a lokacin, ƙanwata ta haihu ta je zaman jego. Ina bincike a ɗakin ajiya sai na ga wani tsohon gwangwanin madara a saman taga, an ɗaure murfinsa da tsumma. Na buɗe, toka ce fal. Na ce, "Tsofaffi da tara tarkace! Yau dai ya yi rana." Ban ko tsaya tambayar matata ba, tana madafa, taku goma tsakaninmu.

Na watsa ta a kan buhunan tas. Na ji wasu ƙwayoyi a tafin hannuna, na ce guntun gawayi ne. Kajinmu suka yi dafifi suna tsattsaga, har ina dariya wai kaji sun koma cin toka. Bayan kwana goma wasu tsirai masu jan kara suka ɓullo a tsakanin tumatir, inda gororina ke ɗiga. Ba ni na shuka su ba, kuma ba a layi suke ba. Na cire su ɗaya bayan ɗaya na jefa wa akuya. Gwangwanin kuwa na huda gindinsa, na shafa masa shuɗin fenti, na dasa na'a-na'a na rataye a katanga.

Inna ta dawo, ta yi makonni tana wuce shi ba ta gane shi ba. Sai ranar da aka yi ruwan farko. Ƙasa na ƙamshi, na ji tana ta jan kaya a ɗakin ajiya. Ta fito da yanar gizo a ɗankwalinta ta tambayi matata ko ta ga gwangwanin da ke saman taga.

Na amsa daga lambu, da fara'ata, "Na toka? Ai ga shi can ya zama mutum."

Ta bi yatsana da ido har katanga. Ta ce, "Tokar fa?"

"Na zuba wa tumatir."

Matata ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Baban yara, irin Inna ne a ciki! A toka ake ajiye shi don kada ƙwari su ci."

Wallahi da Inna ta zage ni da na fi samun sauƙi. Maimakon in ba da haƙuri, bakina da ba ya shawara da ni ya ce, "To me ya sa ba a rubuta a jiki ba?" Ga matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba na faɗi haka. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ta zauna a bakin simintin da na yi mata. Can ta ce, "Babu ko ɗaya da ya tsiro?"

Na tuna da akuya. Na ce mata sun tsiro, na cire.

Ta gyaɗa kai. "Ba a layi suke ba."

Na nemi irin nan, Allah ya sani. Na bi gidajen da ta taɓa ba su irin a Shango, kowa ya ce ya cinye bai ajiye ba, ai suna ganin kullum akwai a wajen Inna. Na zaga kasuwar Paiko ina kwatance. Na je har ƙauyen su Inna, na tarar ruwa ya tashe su sun koma tudu, kuma irin kanti na cikin leda suke shukawa. Na sayo kala uku na kawo mata. Ta murza a tafin hannu ta miƙo mini, ta ce in shuka, kuɓewa ce ai. Da aka yi miyarta ta ci loma biyu ta wanke hannu.

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma ƙara shiga lambun ba. Na ce zan fasa simintin ta koma alwalarta a gindin shuka. Ta ce, "Bar shi, Injiniya. Lambunka ya yi kyau. Ni dai babu abina a ciki." Damina biyu ta ƙara a duniya.

Yanzu wanda ya leƙa bayan gidanmu zai ce mai shi ya yi ƙaura. Tayoyin suna nan, amma na daina cire duk abin da ya tsiro sai ya yi ganye huɗu na ga ko mene ne. An ce mini irin kuɓewa ba ya daɗewa haka a ƙasa, na kuma sani. Bana ma da aka yi ruwan farko na fita da buta na tsuguna a jikin katanga, a taku ukun da na yanka mata. Matata ta leƙo ta ce, "Baban yara, ciyawa ce fa." Na ce na gani, a bar ta tukuna.