Lahadin da Na Ɗauki Dutsen Niƙa

Ina da shekara ashirin da shida na sauka Talata Mafara, da lasin tuƙi a aljihu da akwatin ƙarfe guda. Daga wani ƙauye na ƙasar Malumfashi na fito, inda mu Hausawa Kirista muke da 'yar unguwarmu da majami'armu ta laka. Lokacin ana gina dam na Bakolori, ana neman direbobi, sai aka ba ni tifa. Aikina in kwaso jar ƙasa da tsakuwa in zube inda aka nuna mini, in koma in sake kwasowa, tun safe har la'asar sakaliya.

In na tuna shekarun nan yanzu, kamar abin da na gani cikin barci suke zo mini. A gaban idonka ake sauya wa ƙasa kama. Tudun da ka wuce ranar Litinin, ranar Alhamis ka tarar babu shi. Ta wajen Bakura an baje gonaki sun zama fili ɗaya, an ja hanyoyin ruwa na siminti miƙaƙƙu, ko ɗigo babu a cikinsu tukuna, sai awaki ke yawo ciki. Da tsakar rana in kana saman tifa ka hangi kawalwalniya tana rawa can gaba, ka rasa ko ruwan da ake ta alkawari ne ya iso.

Mu Kiristocin da ke wurin aikin ba mu kai talatin ba. Akwai mutanen Zuru, akwai na wajen Jos, da 'yan kudu kaɗan. Muka kafa rumfar kwano a gefen sansanin ma'aikata, muka jera benci shida. Ba mu da fasto. Wani kafinta mai sanyin hali shi ne babban dattijonmu, ni kuma da yake ina da karatu da murya, aka ba ni karanta Littafi a gaban jama'a, har ina zama taron dattawa tun gemuna bai gama fitowa ba.

Ba na cin goro, ba na shan taba, ba na zama inda ake karta. Ranar Asabar da yamma nake wanki, in goge farar rigata da dutsen guga na gawayi, in sayi abin da zan ci gobe. Ranar Lahadi hannuna ba ya taɓa sabulu, ba na ciniki, ko rediyo ba na kunnawa. Maigidan da nake haya a gidansa, wani dattijo mai fataucin albasa, na taɓa jin yana ce wa abokansa a zaure, "Wanga direba, tsoron Allah gare shi." Na yi kamar ban ji ba na wuce. Amma mako guda ina juya maganar a raina ina jin daɗinta.

A cikinmu akwai wani tsoho ɗan ƙasar Zuru, tsohon soja, shi ke gadin ƙofar garejin motoci da rana. Kowa Baba yake ce masa. Haƙoransa jawur don goro, in ana waƙa muryarsa na bin hanyarta ita kaɗai, in ana wa'azi yakan gyangyaɗa. Ban ƙi shi ba, amma duk lokacin da na dube shi a bencin baya sai in kau da kai.

Da aka tare kogin ruwa ya fara taruwa, sai Baba ya fara ɓacewa. Lahadi ta farko babu shi. Ta biyu ya leƙo, ana addu'ar buɗewa, kafin a gama waƙa ta biyu ya fice. Ta uku wani leburan siminti ya ce ya gan shi da idonsa ta wajen Maradun, yana kora jaki da kaya niƙi-niƙi. Ni na kai maganar gaban dattawa. Na ce mutum ya mai da ranar Ubangiji ranar dako, kuma Musulmin da muke zaune cikinsu suna kallo, za su ce ba mu san darajar addininmu ba. Na ce a sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu a majami'a, har ya tuba.

Kafinta ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Ɗana, ka gani da idonka?"

Na ce ban gani ba, amma an gani.

"To je ka gani. In ka dawo sai mu zauna."

Lahadi ta gaba, ana tashi daga sujada na hau kekena. Har yau ina tuna yadda na yi ta gardama da kaina a hanya, ko tuƙa keke aiki ne ko ba aiki ba ne, daga ƙarshe na yanke cewa tunda don gyaran ɗan'uwa ne, ya halatta. Na bi hanyar Maradun, na saki titi inda leburan ya kwatanta mini, na gangara wata 'yar turba tsakanin gonakin da aka riga aka girbe.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ba ya gudu, ba ya ƙara. Ya kwanta kawai cikin kunyoyin gero, karare na tsaye a cikinsa, sararin sama ya sauko ya cika kowane layi. Wata kuka tana tsaye cikin ruwa har ƙugu, balbelu sun yi mata fari fat. Turbar da nake bi ta shiga ruwan kai tsaye, ana ganinta a ƙasa tana ci gaba da tafiyarta zuwa inda ta saba zuwa. Na sauka na tura keken ta gefen tudu har cikin ƙauyen.

An riga an kwashe mutanen. Ɗakuna na tsaye babu jinka, rana na zuba cikinsu. Ga murhu da tokarsa, ga turken akuya, ga rumbu an cire masa kai. Shiru, sai kurciya. Na bi ƙarar sara har wani gida a ƙarshen ƙauyen, ruwan bai fi taku hamsin da dangarsa ba. Nan na tarar da Baba a kan katanga, ba riga, yana zare azara daga rufin soro. Jaki na ɗaure gindin wata bishiyar lemun tsami. A inuwarta wata tsohuwa na zaune kan tabarma tana ɗaure tukwane cikin tsumma.

Na gane ta. Ita ce mai kawo fura ƙofar gareji kafin ƙafa ta hana ta. Tana ganina ta soma gaisuwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi gida da mutanen gida, ta tambayi rana, ta koma ta sake tambayar gajiya. Kafin mu gama, jawabin da na tsara tun daga Mafara ya tarwatse mini. Duk da haka na ɗaga kai na ce, "Baba, ka san yau wace rana ce?"

Ya ce, "Na sani. Kama mini nan."

Ya miƙo bakin azara. Da ban kama ba da ta faɗo kan tukwanen tsohuwar. Na kama. Ƙasar shekara da shekaru ta zubo mini a kai da kafaɗa, farar rigata ta koma ruwan ƙasa.

Ashe 'yan'uwanta sun tashi tare da sauran mutane zuwa sabon matsuguni a kan tudu, sun ce ta biyo su, mota ta ɗauki abin da za ta iya ɗauka. Ɗanta guda yana can wata ƙasa neman abinci. Ita kuwa ta ce ba ta barin azarar da mijinta ya sara da hannunsa, ba ta barin dutsen niƙanta. Baba Lahadi kaɗai yake da hutu, shi ya sa yake aron jaki yana kai mata kayan kaɗan-kaɗan. Dutsen ne ya gagara. Babba ne, an kafa shi cikin laka a kusurwar tsakar gida, tsakiyarsa ta lotse ta yi santsi kamar cikin ƙwarya.

Tsohuwar ta ce, "Wanga dutsi, uwata tab ba ni shi ranar da aka kawo ni gidan ga. Ban tahiya in bar shi ga kihi."

Baba ya dube ni. Na cire rigar na rataya a reshen lemun. Muka haƙe lakar da sanda, muka girgiza dutsen har ya saki, muka cicciɓe shi tare. Ƙarƙashinsa ƙasar na da sanyi da danshi, ruwan ya riga ya iso ta ƙasa. Muka ɗora shi kan buhu a bayan jakin, muka ɗaure da igiya. Jakin ya yi nishi ya karkace, dole muka tafi ɗaya ta dama ɗaya ta hagu muna tallafe da dutsen. Tsohuwar ta ce za ta jira mu dawo, saura tukwane biyu.

Hanyar ta bi bakin ruwa tana hawa. Muka yi nisa. Can Baba ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Direba, in tambaye ka. Wa ya taɓa kunyata ka haka?"

Na ce ban gane ba.

"Yadda kake riƙe da Lahadi, kamar wanda aka ce in ya saki za a kore shi daga gida."

Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Wataƙila nauyin dutsen, wataƙila don ba ma kallon juna. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa a Mafara ba. Mahaifina shi ke ba da waƙa a majami'armu. Ya faɗa shan burkutu. Ina da shekara goma sha biyar aka karanta sunansa a gaban jama'a, aka mai da shi bencin baya, aka hana shi jibin Ubangiji. Ya yi ta tuba yana komawa, har ya rasu yana bencin bayan nan. A ƙauyenmu in na wuce sai a ce ga ɗan wane, a yi shiru. Ranar da aka binne shi na rantse ba wanda zai ƙara samun abin faɗa a kaina, ko mutum ko Allah.

Baba ya gyara igiyar ya ce, "Ko Allah."

Na gyara riƙon dutsen.

Ya ce, "Ni na je yaƙi. Abin da hannun nan ya yi a can, ko matata ban gaya wa ba. Da na dawo na yi shekara ban iya shiga majami'a. Na rasa me zan kai. Daga baya na gane ba a ce in kawo komai ba, Almasihu ya riga ya kai a madadina. Hannu wofi na shiga, aka karɓe ni. To wanda aka karɓa haka, in ya ga tsohuwa ruwa na bin ta, zai tsaya tambayar yau wace rana?" Ya ɗan yi dariya. "Ban ce Lahadi banza ba ce, fa. Ina kewar bencina. In mun gama kwashe ta zan dawo in yi gyangyaɗina. Goron ma wataƙila gaskiyarka ce, ya cinye mini haƙora."

Ina ta kallon ruwan ta ƙarƙashin wuyan jakin, yadda inuwarmu ke tafiya a cikinsa, mu uku da dutse. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar ban taɓa tambayar kaina ko ina ƙaunar Allah ba. Abin da na sani kawai ina tsare kaina daga gare shi. Hawaye suka zo, ga hannuwa biyu duk suna riƙe da dutse, haka na bar su suka yi ta zuba. Baba ya yi kamar jakin yake kula da shi.

Mun kai dutsen sabon matsuguni, gidaje a jere kan tsandauri, ko bishiya babu. Matan gidan 'yan'uwanta suka fito suna ta sannu, suka ba mu ruwa. Muka koma muka ɗauko tsohuwar a kan jakin da tukwanenta biyu. Da za mu fita ta tsinki lemu uku daga bishiyar ta ƙulle a bakin zane, ba ta waiwaya ba. Da rana ta yi sanyi na hau kekena na koma Mafara. Maigidana na zaure ya ga rigata, ya ce, "Direba, lahiya?" Na ce lafiya lau, kaya na taya wata tsohuwa ɗauka. Ya ce Allah shi ba da lada, ya ci gaba da hirarsa.

A taron dattawa na ce na janye maganata, in kuma za a yi horo to a haɗa da ni, don ni ma na yi dako. Kafinta ya rufe baki da hula yana dariya. Wani dattijo ɗan kudu bai yarda ba, ya ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai samo tasa tsohuwar. Aka yi ta magana, ba a hori kowa ba, shi ma bai sauya ra'ayi ba. Lahadi ta gaba mu huɗu muka je bayan sujada muka kwaso sauran azarar. Zuwa lokacin ruwan ya shiga tsakar gidan, muna tafiya cikinsa har idon sawu.

Da aiki ya ja baya aka rage masu gadi, Baba ya koma ƙasarsu, ban sake ganinsa ba. Ni kuma da Kirsimeti na je gida. Ina zaune da mahaifiyata tana tsintar wake, na tambaye ta abin da na yi shekara da shekaru ban tambaya ba, ko mahaifina ya mutu yana fushi da majami'a.

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Fushi? Kai kana gaba ka sunkuyar da kai, ina za ka sani. Ko Lahadi ɗaya bai taɓa fashi ba. Daga bencin bayan nan yake rera waƙa, kuka yake yana rerawa, har mai ba da waƙar yakan saurara ya bi shi."

Ta turo mini faifan ta ce in taya ta, tsakuwa ta yi yawa a waken bana.