Kak Saudah, Wadda Ta Kai Ƙarar Idonta

Idan an sallame sallar asuba a Balik Pulau, Saudah binti Mat Piah takan naɗe dardumarta, ta ƙunshe shinkafar kwakwa a ganyen ayaba ƙunshi biyu, ta fito bakin titi jiran shuɗiyar motar kamfani. Ƙunshi ɗaya nata ne. Ɗayan ita ma ba ta sanin mai shi sai an tashi cin abinci ta ga wadda ta zauna da kofin shayi kawai a gabanta. Motar ta hau dutse da ita, ta gangaro Bayan Lepas inda masana'antu suke jere. A bakin ƙofa ta zura farar riga, ta ɗora hular aiki a kan mayafi, ta ɗaura igiyar nan ta tsintsiyar hannu mai zuƙe lantarkin jikin mutum don kada ya ƙona kaya. Sannan ta zauna, ta goge madubin ƙara girma, ta yi bisimilla can ƙasa-ƙasa. Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kak muke ce mata, yadda ake kiran babbar yaya, har da waɗanda suka ɗan girme ta. Ni Norliah, tebur ɗaya muka zauna da ita tun ina budurwa har na aurar da 'yata ta fari. Abin da zan faɗa a nan ko dai na gani, ko wadda aka yi a gabanta ta ba ni labari.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa. Koren allo ne kamar tafin hannu yake zuwa a kan bel ɗin inji mai tafiya, jikinsa duk siraran hanyoyin tagulla. Mu kuma mu dasa masa ƙananan kayan lantarki, wani kamar ƙwayar shinkafa, wani bai kai ƙwayar riɗi ba, kowanne a gurbinsa, a liƙe shi da narkakkiyar dalma. Lokacin da Kak ta fara, da hantsaki ake dasa mafi yawansu, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka kawo injuna masu dasa ɗaruruwa kafin mutum ya haɗiyi yawu. Aka rage mu, waɗanda suka saura aka bar musu abin da inji ba ya iyawa: manyan kaya masu ƙafafu, gyaran liƙin da ya karkace, da duban ƙarshe. Allunan layinmu na na'urar asibiti ne, wadda take nuna bugun zuciyar marar lafiya. Ba mu taɓa sanin sunan ko mutum ɗaya da aka jona masa aikin hannunmu ba.

Sabuwar yarinya idan ta zo hannunta na rawa, Kak ba ta yi mata dogon bayani.

“Sauke kafaɗarki,” takan ce. “Ba kaza za ki yanka ba. Numfasa, sannan ki ajiye.”

Letchumi, ƙawarta ta kusa, 'yar Tamil mai babbar murya da ake jiyowa har layi na gaba, sai ta cafe: “Ki ji ta fa! Ranar da ta fara aiki allo uku ta ƙona, har da gefen mayafinta.”

“Biyu ne, maƙaryaciya. Na ukun ke kika ture ni da wannan ƙugun naki.”

Yarinyar ta yi dariya, kafin ta ankara hannunta ya daina rawa.

Akwai wata Rosnani da ta zo daga Baling tana amarya, aka tsayar da ita a bakin tukunyar dalma, wurin da ya fi ko'ina zafi da hayaƙi. Tana cikin watannin gwaji ta samu ciki. Ta ɓoye, don tana tsoron idan aka sani ba za a tabbatar mata da aikin ba, ga mijinta a zaune. Kak ce ta lura yarinyar tana yawan zuwa bayan gida tana dawowa fuska jiƙe. Ba ta tambaye ta komai ba. A lokacin Kak tana da kujera mai daɗi kusa da iskar sanyi. Ta tashi ta sami Madam Gaik, shugabar layinmu, a gabanmu duka.

“Madam, ƙafata ta gaji da zama. Ina so in koma tsayuwa a bakin tukunya, a ba yarinyar can kujerata.”

Madam Gaik ta dube ta ta saman tabarau. “Ke Saudah? Ke da ko ƙararrawar gobara sai ta yi sau biyu kike tashi?”

“Tsufa ne, Madam.”

Madam ta juya ta kalli Rosnani, ta daɗe tana kallonta, sannan ta dawo kan Kak. “To ita ƙafar taki, sai yaushe za ta warke?”

“Ina jin kamar wata shida.”

Aka yi musanyar. Kak ta tsaya a wannan zafin har Rosnani ta sami takardar aiki ta tafi hutun haihuwa. Ko sau ɗaya ban ji ta ambaci maganar ba, kuma idan Rosnani ta fara godiya sai ta aike ta ɗebo ruwa.

Bayan wannan ne aka ba ta kujerar ƙarshe, ta duban ƙarshe. Duk allon da ya fita daga layinmu sai ya bi ta ƙarƙashin madubinta, ta danna masa ɗan hatiminta, sannan ya wuce ɗakin gwaji. Kujera ce da ba a ba kowa. Ta riƙe ta shekaru masu yawa, kuma tana alfahari da ita, ko da yake ba za ta yarda ba idan aka faɗa.

Bara aka dawo da wani allo daga ɗakin gwaji. Liƙi ɗaya bai kama ba, ga hatiminta a jiki. Babu wanda ya ɗauki abin da zafi, kowa yana kuskure. Cikin watan sai ga wani. Kak ta ɗauki hutun yini guda ba ta gaya wa kowa dalili ba. Washegari a wurin cin abinci ta kira ni da Letchumi gefe, ta ce ta je asibitin ido. Likita ya ce tsakiyar ganinta ce take dusashewa, kuma tabarau ba zai gyara ba. Za ta ga hanya, za ta gane fuskoki, amma ƙwayar riɗi ta fi ƙarfinta.

Letchumi ta ajiye cokali. Karon farko ke nan na ji ta yi magana a hankali.

“Shekara ɗaya ta rage miki, Kak. Ki yi shiru. Zan matso da kujerata, duk abin da kika duba in sake dubawa. Wa zai sani?”

“Ke da naki aikin? Ido huɗu gare ki?”

“To ai ɗakin gwaji yana nan. Ba shi ya kama biyun ba?”

“Ya kama waɗanda suka saki ranar,” in ji Kak. “Liƙin da ya kama rabi fa? Zai wuce gwaji lafiya lau, ya je ya saki bayan shekara a gefen gadon wani.”

“Za su kai ki wurin naɗe kwali, Kak. Tare da yaran da ba su san bambancin gaba da bayan allo ba.”

“Na sani.”

Muka yi ta lallashinta har aka buga ƙararrawar komawa. Ta naɗe ganyen ayabarta, ta jefa a kwando, ba ta koma kujerarta ba. Ofis ta nufa.

Madam Gaik ce ta ba mu labarin abin da ya faru a ciki, bayan an kwana biyu. Ta ce da ta gama saurare sai ta tashi ta rufe ƙofa, don ita ma sun tsufa tare da Kak a gidan nan. Ta ce mata, “Saudah, wa ya san wannan magana?”

Kak ta ce, “Ni na sani.”

Ba ta tsaya nan ba. Ta roƙi a fito da duk allunan da ta danna wa hatimi tun watan da ta fara jin idon yana mata hazo, waɗanda ba a riga an tura ba, a sake duba su. Aka fito da su. Aikin ya faɗo kanmu, muka yi kwanaki muna tashi a makare, kuma ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wata ta ce a gaban jama'a, “Mutum ya tono wa kansa aiki ya ɗora wa wasu.” Kak ta ji, ta ce, “Ki yi haƙuri, gaskiyarki ce.” A cikin tarin aka sami 'yan kaɗan masu rabin liƙi, aka gyara su.

Aka mayar da ita wurin naɗe kwali. Albashinta ya ragu. Matar da injiniyoyi suke zuwa wurinta su tsaya su gaisa ta koma tana liƙa tef tana jera akwatuna, wata yarinya 'yar shekara ashirin tana gaya mata inda za ta ajiye su. A makon farko na shiga ɗakin salla da azahar na tarar da ita ita kaɗai, ta idar, tana zaune tana kallon hannuwanta, hawaye na zuba.

“Kak, ko kin yi nadama?”

“A'a, Liah.” Ta ɗaga hannun ta nuna mini, a miƙe, ko motsi ba ya yi. “Dubi. Shi bai san an gama ba. Kullum da safe sai in ji yana neman hantsaki.”

Na zauna kusa da ita. Can ta share fuska ta ce in tashi kada in sa a rage mata lokacin cin abinci.

Ba a yi wata biyu ba Letchumi ta je da kanta aka auna idonta, ta dawo da tabarau mai kauri tana cewa ashe duk shekarun nan ba ta san mijinta mummuna ne ba. Wasu biyu suka bi bayanta. Yanzu duk wadda take zama a gaban madubi a gidan nan ana auna mata ido kowace shekara, kuma wadda ta ji nata ya fara hazo tana iya faɗa ba tare da ta ji kamar an kama ta da sata ba.

Kak Saudah, ke ce kika koya mana dasa abin da ido da ƙyar yake gani. Ke ce kika nuna mana yadda ake riƙe kujera, kuma da lokaci ya yi kika nuna mana yadda ake tashi daga kanta, wanda shi ya fi wuya. 'Yar Mat Piah mai hannun da ba ya rawa. A asibitocin garuruwan da ba za ki taɓa zuwa ba akwai mutanen da suka tashi daga gado suka koma gida, ba su san da ke ba, ba su kuma da dalilin sani, don abin da kika duba bai taɓa ba su matsala ba. A madadinsu, da mu 'yan layi na huɗu, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya bar miki sauran hasken da ya rage.

Ga masu karatu kuma, kowa yana da tasa kujerar da wani abu yake bi ta gabansa kafin ya isa ga mutane. Ku duba shi kamar za a kai wa naku. Ranar da kuka ji ba za ku iya ba, ku zama na farkon faɗa. Idan kuma akwai irin Kak a inda kuke aiki, kada ku jira sai an ɗaga gawarta kafin ku yabe ta.

Kak, na san rubutun jaridar nan ya yi wa idonki ƙanƙanta, jikarki Husna ce za ta karanta miki. Husna, kakarki za ta katse ki, za ta ce Liah ta cika ƙari, za ta ce ki tsallake wannan ki tsallake wancan. Kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ɗaga murya ki karanta mata har ƙarshe.