Sunan Ɗan Fari a Gaban Zuzu

Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullin biro, wato ofis, to ku zauna. Ranar da har gobe ba ta bar raina ba ita ce ranar da doka ta ce sai wata mata ta faɗi sunan ɗanta. Na yi aikin tafinta a jastis, wato kotun Madawa, na yi a Buza, na yi a Keita. Ba zan ce ga inda abin ya faru ba. Duk wanda ya tsargu, da shi nake.

Ga waɗanda ba su san aikina ba: alƙali, wanda mutanenmu ke kira zuzu, Faransanci yake yi a biro. Zuzun da na yi wa aiki a lokacin ɗan Adar ne gaba da baya, Hausarsa ta fi tawa. Mai laifi Bahaushe, shaida Bahaushe, ni kuma ina tsakiya ina juya wa Bahaushe Hausa zuwa Faransanci. Da haka na ci tuwo har furfura ta fito, kuma ban taɓa kai ƙara ba.

Yaron sunansa Illa, shekarunsa ba su wuce goma sha shida ba. Ubansa ya tafi bida, wato neman kuɗi, Libiya, labari ya yanke. Farkon damina ƙanin uban ya matsar da duwatsun iyaka cikin gonarsu. Magana ta yi zafi, Illa ya ɗaga gatari ya sare shi a kafaɗa. Mutumin ya rayu, amma hannun ya mutu, ko hauya ba ya riƙewa. Ba ƙaramin laifi ba ne, kuma ban zo in wanke kowa ba.

A takarda, dokarmu ta yara kyakkyawa ce kamar amarya. Yaro yana da alƙalinsa na dabam. Ba a kai shi kaso sai in babu wata hanya. In an kai shi, ba a haɗa shi da manya. A gidan kason namu kuwa har ɗakin yara akwai, wani furoje na masu ba da agaji ya gina, da fenti shuɗi da allo a ƙofa. Ɗaki ne mai iska, ba ya yoyo. Saboda haka shugaban gidan ya ga babu inda ya fi shi dacewa da ajiyar albasarsa. Albasa ta samu kariyar da doka ta tanada, Illa kuma ya kwana cikin manya tun daga shuka har aka yanke gero.

Bayan kaka zuzu ya tuna da dosiyen, wato takardun shari'ar yaron. Ya ce doka ta ba shi ikon damƙa yaro ga iyayensa kafin ranar shari'a, muddin uba ko uwa ya tsaya gabansa ya ce ɗansa ne, ya faɗi sunansa, ya ɗauki nauyinsa. Uba babu. Kakar da ta raine shi ta rasu. Baffa kuwa shi ne mai ƙara. Saura uwa, Hajo. Aka aika, ta hawo motar kasuwa ta zo.

Matsala ɗaya ce: Illa ɗan fari ne. Ku 'yan zamani da ke sa hoton jaririnku a waya, bari in tuna muku. A ƙauyukanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, ko tuntuɓe ya yi sai ta kau da kai. Wannan ita ce alkunya. Hajo tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan nan ba.

Gardi, wato dogarin gidan kaso, ya shigo da yaron. Ya rame, an aske masa kai, idonsa ya bushe ƙamas. Hajo ta juya fuska ga bango.

Zuzu ya yi tambaya da Faransanci, na juya: "Baiwar Allah, kin san wanga yaro?"

Ta ce, "Ina ganinai cikin gari."

"Ɗanki na?"

"Na tsohuwa na, Allah shi jiƙan ta."

"To mi as sunanai?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Babu wanda bai gane ba a ɗakin nan. Zuzu kansa ɗan fari ne, ya taɓa gaya mini a wurin shayi cewa uwarsa har ta mutu "mai biro" take ce masa. Amma da ya sa baƙar riga sai ya zama kamar jiya ya sauko daga jirgi. Ya ce in gaya mata doka ba ta san kunya ba. Na ce a raina, wannan kam mun daɗe da shaidawa.

Girefiye, wato magatakardan kotu, Mushe Sani (Mushe shi ne Malam a Faransanci), mutum ne da ko atishawa ka yi sai ya tambayi yadda ake rubuta ta. Ya karanta abin da ya rubuta: matar ta ƙi amincewa da yaron. Na matsa kusa da ita, na yi ƙasa da murya.

"Hajo, don Allah ki hwaɗi. Kalma guda ta. In ba ki hwaɗi ba, kaso za shi koma."

Ta ce, "Malam, kai ma ɗan wata na. Gaban maza, gaban hukuma? In koma gari da wane ido?"

Zuzu ya dubi agogo, don ana jiran shi wurin wani taron bita a kan haƙƙin yara. Ya ce a mai da yaron kaso. Gardi ya kamo Illa ta wuyan riga. Rigar ta tsufa, ta yage har baya. A nan muka ga abin da ke ƙarƙashi: ƙazwa ta cinye fata, ga shatar bulala sabo da tsoho. Daga baya na ji cewa wanki yake wa sarkin ɗaki, wato fursunan da ke mulkin sauran, kuma in sarkin ya ga ko ɗigon datti a riga, sai bulala.

Ashe bangon da Hajo ke kallo ba ya hana ta gani. Sun kai bakin ƙofa sai muka ji murya ta tsage ɗakin.

"Illa!"

Yaron nan da bai yi hawaye gaban jandarma ba, bai yi a kaso ba, ya tsaya cik. Ya waiwaya yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, don bai san wannan suna da wannan murya ba. Can sai ya gane. Ya durƙushe yana kuka irin na ƙaramin yaro. Ni ma, ba na ɓoye muku, sai da na nemi bakin rawanina.

Mushe Sani ya ɗaga alƙalami ya ce, "Wannan kira ne, ba amsa ba. Sai ta maimaita tana fuskantar alƙali."

Wallahi haka ya ce. Kuma ta maimaita. Ta juyo, ta saki mayafi daga baki, ta dubi zuzu ido cikin ido.

"Illa. Ɗana na, ni na haihe shi. Ku rubuta da kyau, don ba ni ƙara hwaɗi."

Zuzu bai jira fassarata ba, ya sa hannu. Ranar kaɗai na ga ya ji Hausa a biro.

An yi shari'a daga baya, an yanke wa Illa hukuncin yaro, zaman da ya riga ya yi ya cinye mafi yawansa. Baffan yana nan da mataccen hannu, ba wanda ya sake tambayar shi.

Abin da na koya, ku da za ku gaje mu, shi ne a gidan nan kowa yana da abin da ba ya iya saki. Zuzu yana da rigarsa, girefiye yana da layinsa, shugaban kaso yana da albasarsa. A cikinmu duka, mutum ɗaya ce ta saki nata don yaron ya tsira, kuma ita ce ba ta karɓar albashi. Ranar da ta kira sunan nan, na leƙa ta taga lokacin da ita da Illa suke fita. Tana gaba, yana biye, ta sake kau da kai kamar ba ta san shi ba. Amma mayafinta yana kan bayansa.